Ana iya gane illar manufar gwamnati ga lafiyar jama'a tun kafin a zartar da ita?

Tambaya: Ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a karkarar Jigawa. Lokacin canjin kuɗi na 2023 mata da yawa sun daina zuwa awo, wasu kuma sai da naƙuda ta yi nisa aka kawo su, saboda ba kuɗin mota a hannu. Har yau abin yana damuna. Shin akwai yadda gwamnati za ta san irin wannan kafin ta yanke hukunci, ko sai abu ya faru?

Amsa: Malama, Allah ya saka miki da alheri kan aikin da kike yi. Akwai hanya, kuma ba sabuwa ba ce. Ana ce mata auna tasirin manufa ga lafiya. Tun 1999 masana suka cimma matsaya a kanta a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasar Tailan ma ta saka ta cikin tsarin mulkinta na 2007. A Najeriya muna da dokar auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli tun 1992, amma ita ta fi shafar ayyuka irin su madatsar ruwa, titi da masana'anta. Hukunci irin na canjin kuɗi bai shiga ƙarƙashinta ba, kuma a ganina wannan babban giɓi ne.

Aikin ba ya tsayawa a kan ko manufa za ta amfani ƙasa gaba ɗaya. Ana bin diddigi ne a ga wa zai ɗauki nauyinta, ta wace hanya, kuma na tsawon wane lokaci. Mu ɗauki abin da kika gani. Ranar 26 ga Oktoba 2022 Babban Banki ya sanar da sauya takardun naira 200, 500 da 1,000, ya ba da wa'adin 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Dalilan da aka bayar, wato dawo da kuɗi cikin banki da daƙile jabu da kuɗin fansa, ba na banza ba ne. Amma da an zauna an auna, abu na farko da za a ci karo da shi shi ne: sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marar lafiya yake fitowa. Sai a tambaya, su wa ke biya da tsabar kuɗi? Matar ƙauye da ba ta da asusu. Mai babur ɗin da zai kawo ta, wanda ba ya karɓar tiransifa. Mai kemis da ke garin da sabis ba ya zama. Binciken da ake yi kan shigar jama'a harkar banki ya daɗe yana nuna Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas ne a baya. Ga kuma darasin Indiya, wadda ta soke manyan takardun kuɗinta a Nuwamban 2016, aka sha dogayen layuka da wahala. Duk waɗannan bayanai suna nan kafin a fara.

Nan ne batun daidaito ya shigo. Ma'aikacin da ke Abuja da waya a hannu ya sha ɗan takaici ne kawai. Mai cikin da kika karɓa cikin dare, jinkirin awa biyu kan iya zama ajalinta idan jini ya ɓalle. Lissafin da ya haɗa su biyun ya raba daidai zai ce illar kaɗan ce, alhali ba haka ba ne. Shi ya sa ake rarraba bayanai: mace da namiji, birni da ƙauye, mai hali da talaka, mai buƙata ta musamman. Kuma dole a je a ji daga bakin mutanen, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta fuskar haƙƙi, sashe na 16 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam ya tabbatar da haƙƙin lafiya, Najeriya kuma ta mayar da ita dokar cikin gida a 1983. Gwamnati na iya takura jama'a don wata maslaha, amma sai ta nuna takurar ta zama dole kuma ba ta wuce kima ba. Ranar 3 ga Maris 2023, a ƙarar da Kaduna, Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, Kotun Ƙoli ta ce ba a ba jama'a isasshen lokaci ba, ta dawo da tsoffin takardun. Sai dai a lokacin an riga an ji jiki.

Ke ma kina da rawar takawa, domin hujja tana cikin rajistarki. Ki ɗauko littafin awo da na haihuwa, ki kwatanta Janairu zuwa Maris na 2023 da irin waɗannan watanni na 2022: nawa suka zo awo, nawa suka haihu a asibiti, nawa aka tura babban asibiti a makare. Kada ki saka sunan kowa. Ki kai wa kwamitin lafiya na mazaɓarku da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ki kuma nemi abokan aikinki na maƙwabtan asibitoci su yi irinsa, a haɗa wuri guda.