Matsi da Tartsatsin Cikin Taransfoma

Tambaya: Malam, ni ɗalibin lantarki ne. Me ya sa tartsatsin da ke bin jikin kwalin taransfoma (kwalin da ke hana wuta tsallakawa tsakanin wayoyi) cikin mai yake gajarta idan matsin man ya ƙaru?

Amsa: Ɗana, wutar kan tafasa ɗan man da ke gabanta, siririyar hanyar tururi ta buɗe, sai tartsatsin ya bi ta, yana rassa kamar saiwa. Matsi na shaƙe wannan hanya, rassan su tsaya, sai an ƙara ƙarfin wuta kafin tartsatsin ya haura kwalin. Ni kumfa ce ta fi damuna. Idan kwalin ya sha danshi, ya yi zafi, matsi kuma ya faɗi kwatsam, kumfa ta fito ta maƙale masa. Nan tartsatsin ke samun hanya, har a ga baƙin zanen ƙuna a jikin kwalin.