Amsa ga Hajiyar da zuciyarta ke rikita bugu

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin tambaya ko ƙibar da kika yi bayan haihuwa tana da hannu a yadda zuciyarki ke bugawa da sauri, sannan ta yi kamar ta tsallake bugu. Tana iya zama da hannu ƙwarai, ni ma abin da ya same ni ke nan, kuma ina roƙon ki kada ki yarda kowa ya ce miki tunani ne ko olsa ce kafin a yi miki gwajin ECG, wato awon da na'ura ke yi don nuna yadda zuciya ke bugawa.

Ni wani mai kemis a unguwarmu nan Katsina ya daɗe yana sayar mini da maganin olsa, bai taɓa kama hannuna ya ji bugun jijiya ba, bai kuma taɓa cewa in je asibiti ba. A wajen biki kuwa dangin maigida suna yaba jikina, wai hutu ya karɓe ni. Daren da abin ya tsananta na farka zuciyata tana fizga kamar kazar da aka yanka, gumi ya jiƙa mini riga, numfashi ya ƙi isa, na kasa ɗaga murya in kira yarana da ke kwance kusa da ni, sai kalmar shahada nake maimaitawa ina tunanin wanda zai riƙe mini su. Da gari ya waye aka aika wa mutumin nan, sai ya ce in ƙara ƙwaya ɗaya. Har yau idan na wuce shagonsa raina yana ɓaci, domin na san akwai wasu matan da yake yi wa haka.

Likitan zuciya ne ya bayyana mini cewa nauyin jiki yana sa ɗakin zuciya na sama na hagu ya buɗe, kitse kuma ya taru a jikin zuciyar, har saƙon da ke daidaita bugu ya rikice, cutar da likitoci ke kira atrial fibrillation ke nan. Binciken Framingham na Amurka ya nuna a 2004 cewa haɗarin wannan cuta ya ƙaru da kusan kashi 50 cikin 100 ga masu ƙiba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne jini yana iya daskarewa a ɗakin, ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ya sa haɗarin shanyewar ɓarin jiki yake ninkawa kusan sau biyar.

Ki tambayi maigida ko kina minshari har numfashinki ya riƙa ɗaukewa cikin barci, domin wannan ma yana tayar da ciwon, kuma kunya ke hana mata faɗa. A auna hawan jininki, a duba maƙoƙo. Don Allah ki guji shayin rage tumbi da ake tallatawa a Facebook, wasu suna ƙara wa zuciya gudu. Ni lemon kwalba na fara bari, na rage sukari a fura da gishiri a miya, nake kuma tattaki bayan sallar asuba. Ba sai kin rame ba, a wani bincike na Adelaide a Ostareliya a 2015, waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu sun fi samun sauƙin ciwon nesa ba kusa ba.

Ki je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina cikin makon nan, kuma idan aka ba ki maganin tsinka jini kada ki daina sha don kin ji sauƙi. Allah Ya ba ki lafiya, ki sanar da mu abin da gwajin ya nuna.