Fumfuna ɗaya, suna biyu

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da wani littafi ke kiran fumfunar da masanin kimiyya Alexander Fleming ya gano penisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a jikinta a 1928 Penicillium notatum, wani kuma Penicillium rubens. Da can launi da siffa ake dubawa a madubin likita kafin a raɗa wa fumfuna suna, alhali fumfuna takan sauya kama idan abincinta ko zafin wurin ya canza. Sai a 2011 binciken DNA, wato ƙwayoyin gado, ya nuna rubens ce.

Ni wadda ta fi damuna ita ce mai sa gyada ta yi kore-kore a buhu, Aspergillus flavus, mai gubar da ke lalata hanta. 'Yar'uwarta oryzae, wadda Japanawa ke haɗa miyar waken suya da ita, da ƙyar ido ke bambanta su.