Amsa: Yadda aka gano haidurojin a duniyar da ko hotonta ba a ɗauka ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ta yaya ake sanin akwai haidurojin a iskar wata duniya mai nisan gaske. Amsar tana cikin hasken tauraron da take zagayawa.

Duk lokacin da duniyar ta gitta gaban tauraronta, hasken yakan ɗan dushe. Shi kuwa haidurojin yana da wani haske da yake shanyewa sosai, ana ce masa Lyman-alpha, mai tsawon zango nanomita 121.6, irin wanda ido ba ya gani.

Ka ɗauki duniyar da ake kira HD 209458b, wadda ke gama zagaya tauraronta cikin kwana uku da rabi. A hasken da muke gani, kashi 1.5 cikin ɗari kacal take tarewa. Amma da masanin taurari Alfred Vidal-Madjar da abokan aikinsa suka auna ta da madubin hangen nesa na Hubble da ke sararin samaniya a zangon Lyman-alpha, sakamakon da suka wallafa a 2003 ya nuna kusan kashi 15 ya ɓace. Ai jikinta kaɗai ba zai yi wannan ba. Gajimaren haidurojin ne ya kumbura kewaye da ita, zafin tauraron yana kwashe shi, har ya yi jela kamar tauraro mai wutsiya. Wata duniyar mai suna GJ 436b ma ta fi ba ni mamaki: a 2015 an ga ta tare kusan kashi 56 na wannan hasken.

Aikin da wuya fa. Iskar duniyarmu tana shanye wannan hasken, sai daga sararin samaniya ake iya auna shi. Haidurojin da ke tsakanin taurari kuma yana cinye hasken da ke daidai tsakiyar wannan zangon, na gefe-gefensa kawai ke isowa.