Wanda kake so in kai wa takardarka ya riga ya yi ritaya

Ɗana, na ga saƙonka, na kuma ga bidiyon da ka turo har sau uku. Mamanka ma ta kira ni ranar Juma'a tana ƙorafin na yi maka shiru. Ba share ka na yi ba, na rasa yadda zan faɗa maka ne ba ka ce Kawu baƙin ciki yake yi ba. Tun da kai ne na biyar da ya zo mini da irin wannan magana a bana, bari in amsa a nan kowa ya gani, in huta.

Ka ce a Matan Fada babu saurayin da ke kamo ka a ruwa, kuma ka ga labarin wani kocin ninƙaya mai suna Eddie Reese a Jami'ar Texas. Tun da a Austin nake, garin da jami'ar take a Amurka, in kai masa bidiyonka hannu da hannu ya ba ka sikolashif.

Eddie Reese ya ajiye aiki tun 2024, yana da shekara 82. Wanda ya gaje shi Bob Bowman ne, mutumin da ya raini Michael Phelps, shahararren zakaran ninƙaya na Amurka. Da ka yi bincike na minti biyar da ka gani, kuma wannan shi ya fi damuna da lamarinka.

Amma tun da ka ambaci dattijon, bari ka san wanda kake magana a kai. A Florida aka haife shi a 1941, a can ya yi jami'a yana ninƙaya. Ya riƙe ƙungiyar Jami'ar Auburn daga 1972, sannan ya zo Texas a 1978 ya zauna shekara 46 a bakin ruwa ɗaya. Kofin jami'o'in Amurka na maza, wanda hukumar NCAA ke shiryawa, sau 15 ya ɗauka: na farko a 1981, sai huɗu a jere daga 1988 zuwa 1991, wasu huɗun a jere daga 2015 zuwa 2018, na ƙarshe a 2021. Bayan na 2021 ɗin ya ce ya gaji, ya yi sallama, ba a yi wata huɗu ba ya dawo. Shi ya jagoranci mazan Amurka zuwa gasar Olamfik a 1992 da 2004 da 2008. A Atina, a 2004, cikin mutum huɗun da suka ci zinare a tseren karɓa-karɓa na salo huɗu, uku yaransa ne: Aaron Peirsol mai iyon rigingine, Brendan Hansen mai iyon kwaɗo, da Ian Crocker mai salon malam-buɗe-littafi. Irin wannan mutum kake so in tare a ƙofa da bidiyon da abokinka ya ɗauka daga cikin kwalekwale yana ihun "Ga shi nan! Ga shi nan!"

Na san abin da za ka ce, domin shi na gani kana yaɗawa a Facebook: ai Joseph Schooling baƙo ne, ɗan Singafo, kuma a hannun Reese ya doke Phelps a Rio a 2016. Haka ne, ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 50.39, ya ba ƙasarsa zinarenta na farko. Abin da ba a rubuta a ƙarƙashin hoton ba shi ne tun 2009, yana yaro, iyayensa suka kai shi wata makarantar kuɗi a Jacksonville mai suna Bolles, suna biya daga aljihunsu. Kafin Texas ta neme shi ya riga ya je Olamfik na Landan a 2012. Ba a bakin gulbi aka tsince shi ba.

Yanzu bari in ba ka labarin da ban taɓa ba kowa a gida ba. Shekarata ta farko a ƙasar nan, a wata jami'a da ba ta Austin ba, aikin da na samu shi ne raba tawul da goge daɓe a wurin ninƙaya. Ƙarfe biyar na asuba nake buɗe ƙofa, ga sanyi mai shiga ƙashi, ga warin maganin ruwa da ke bin kayana har cikin aji. Ina ganin yaran suna kai da komo, kansu a ƙasa suna bin wani baƙin layi da aka zana a gindin tafkin, sai na ce a raina, wannan ne abin? Ni fa jikan Kabawa ne. Wata ranar Asabar na tuɓe na faɗa. Wata yarinya da ba ta wuce shekara 12 ba tana layin kusa da ni. Kafin in kai bango in dafa in juyo, ta yi wata 'yar alkafura a cikin ruwa, ta tokari bangon da ƙafa, ta ɓace. Ta yi tsawon tafkin sau huɗu ina kan na biyu, ina haki kamar wanda kura ta biyo. Kocinsu bai ko yi dariya ba. Ya duba agogon da ke wuyansa, ya faɗa mini lokacina, ya juya. Har yau da na tuna sai in ji kunya, don ko raina ni bai tsaya yi ba.

Agogon nan shi ne komai a nan. Tafkin jami'o'insu yadi 25 ne, kuma a jikin bango akwai faifan da ke tsayar da lokaci da zarar ka taɓa. Koci ba ya tambayar ko ka iya ruwa. Tambayarsa ita ce yadi 50 a daƙiƙa nawa, a wace gasa, wa ya auna. Caeleb Dressel, wani gwanin ninƙaya ɗan Amurka, ya yi shi a 17.63 a 2018. Kai ko sau ɗaya ba a taɓa auna ka ba.

Batun nutso kuwa, da ka ce kana iya daɗewa a ƙarƙashin ruwa har mutane su fara salati, ba shi suke nufi ba. Nasu tsalle ne daga katako mai lilo na mita 1 ko 3, ko daga hasumiya mai mita 10, mutum ya yi ta alkafura a iska, alƙalai su ba da maki. Koci daban ke riƙe da su, a Texas Matt Scoggin ne ya daɗe a kai, makinsu kuma ana haɗa shi da na masu iyo. Yawancinsu tun suna ƙanana aka fara lanƙwasa su.

Sai kuɗi. Shekara da shekaru, abin da doka ta yarda a ba ƙungiyar maza gaba ɗaya bai kai sikolashif goma cikakku ba, 9.9 ne, a yayyanka wa mutum kusan talatin. Wani ya samu kuɗin littattafai kawai, uban ya cike sauran. An sauya dokar a 2025, amma sai aka ƙayyade yawan 'yan ƙungiya, wasu yaran da suka riga suka samu gurbi ma aka sallame su. Su 'yan ƙasa ke nan. Kai kuma da bizar ɗalibi, aikin awa 20 a mako a cikin makaranta kawai aka yarda ka yi, ga atisaye safe da yamma, ga aji. Makinka ya faɗi, a cire ka daga ruwa.

Ni da karatu na shigo, da tawul na fara, shekara tara kafin in ga hasken rana. Yau ina aikin jinya, gidan da nake ciki nawa ne ko da ban gama biyan banki ba. Ƙanwarka Auta tana ninƙaya a wani kulob, kuma abin da nake kashewa a kanta a wata, in na faɗa, mamanka cewa za ta yi an yi mini asiri. Duk da haka ban sa rai Texas za ta kalle ta ba. Wani ɗan uwanmu kuwa da na tsaya wa shekarun baya, na biya masa kuɗin zango biyu, yau ko gaisuwar Sallah ba ya yi mini. Shi ya sa ka ga hannuna ya yi nauyi.

In da gaske kake, nemi hukumar wasanni ta jiha, ka shiga gasar da ake auna lokaci a tafkin mita 50, ko da sai ka je Abuja. Ka turo mini lambar da agogo ya nuna, tare da sakamakonka na WAEC, musamman Turanci da lissafi. Daga nan za mu san ko akwai maganar yi, wataƙila da wata ƙaramar kwaleji. Mutumin nan kuma da ya ce ku ba shi kuɗi ya haɗa ku da koci, kada a ba shi ko sisi, kocin jami'a ba ya karɓar ɗan wasa ta hannun dillali. Ka faɗa wa mamanka na ce kada ta kuskura ta jinginar da fadamar nan. Zan kira ta ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku.