An ɗora wa mota jika ɗari huɗu saboda GPS: a biya ko a bari?

Tambayar ta fito daga wani Alhaji mai sayen aya da wake a nan Maradi. Ya ce: "Dillali ya nuna mini Toyota RAV4 biyu 'yan 2015, duka shigowar Amurka, kuma makanike ya ce lafiyarsu ɗaya. Ɗayar tana da GPS a allonta, an ɗora mata jika ɗari huɗu a kan 'yar'uwarta. Ina cin kasuwannin Dakoro, Mayahi da Tasawa, wani lokaci in leƙa Yamai ko Kano, kuma sau da yawa yarona ke fita da motar. In biya ƙarin, ko in bari?"

Alhaji, in dai don taswirar ce kaɗai, riƙe kuɗinka.

Abin da dillali ke kira GPS abu biyu ne a haɗe, kuma ɗaya daga ciki kyauta ne. Na farko saƙon taurarin ɗan'adam, waɗanda Amurka ta harba, sun kai talatin, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa. Duk na'urar da ta kama saƙon huɗu daga cikinsu za ta san inda take, a Dakoro ne ko a tsakiyar Tenere, ba kuɗi, ba intanet. Salular da ke aljihunka tana yin haka, har da taimakon taurarin Turai da na Rasha da na Sin in sabuwa ce. Na biyu taswirar da ake ɗora wannan wuri a kanta, wato zanen tituna da sunayen garuruwa. Ita ce abin sayarwa, kuma a cikin mota take a ajiye. A tsofaffin motoci a faifai take, a RAV4 irin wadda ka gani kuma a wani ɗan kati ne mai kamar memorin salula, a jikin rediyo.

Katin nan an yi shi ne don kasuwar da aka fara sayar da motar. Wadda ta fito daga Amurka titunan Amurka da Kanada ta sani. Ta Turai ta san Faransa da Jamus da Beljiyam, ta Dubai ta san ƙasashen Larabawan Gulf. In ka tsayar da ita a ƙofar babbar kasuwar Maradi, kibiyar za ta tsaya a fili fetal, ko kuma ta maƙale a garin da aka kashe motar kafin a sa ta jirgin ruwa, ta riƙa nuna kana yawo a cikin teku. Sayen wani kati ma ba ya raba gardama, domin na'urar a ɗaure take da yankinta, katin wani yanki ba ya buɗewa a cikinta. Sau da yawa ma katin ba ya isowa. Tsakanin wurin gwanjo, jirgi, tashar Kwatano ko Lome da doguwar hanya zuwa nan, ƙaramin abu irin wannan yakan yi ƙafa.

Kada ka tsaya a maganarmu, kuma kada ka tsaya a ta dillali. Gwajin ba ya wuce minti goma sha biyar. A fito da motar fili, nesa da rumfar kwano, a tayar da ita a bar ta kamar minti biyar. Buɗe taswirar ka matso da ita. Kana ganin titin da kuke tsaye a kai? Ka rubuta Tessaoua ko Dakoro a wurin nema, da rubutun Faransanci, ka ga ko za ta zana hanya. In ta ce ba ta san garin ba, magana ta ƙare, kuma a gaban mai motar ta ƙare, wanda shi ne abin da kake so don ciniki. Daga nan ka danna kusurwoyi huɗu na allon ɗaya bayan ɗaya. Allon da ya shekara goma yakan fara mutuwa daga gefe, ka taɓa nan ya amsa can, kuma zafin watan Afrilu da Mayu na garin nan ba ya tausaya masa. Sa giyar baya ka ga hoton kyamara ya fito tas. Murɗa rediyo kuma: ta Amurka tana tsalle ne 88.1, 88.3, 88.5, saboda haka duk tashar da lambarta ta ƙare da cika, kamar 4 ko 6, ba za ta zauna daram ba. Wannan aibin yana jikin motocin biyu, amma gara ka sani tun yanzu.

Akwai abin da dillali ba zai faɗa maka da kansa ba. RAV4 ta 2015 da aka yi wa kasuwar Amurka, har mafi ƙanƙantar daraja a cikinsu tana zuwa da allon taɓawa da kyamarar baya. Ke nan mai arahar ma tana da su. Taswira kuwa a manyan darajoji ake samunta, XLE da Limited, kuma harafin yana rubuce a ƙofar baya. XLE tana da rufi mai buɗewa, ƙafafun alminiyam da na'urar sanyi mai daidaita kanta. Limited ta ƙara da kujeru masu kamar fata, makulli na dannawa da ƙofar baya mai ɗaga kanta. To ka duba da kyau: in mai tsadar Limited ce, mai arahar kuma LE, wato mafi ƙanƙantar daraja, wani ɓangare na jika ɗari huɗun kuɗin waɗannan ne, kuma mai saye a gaba zai biya ka wani abu a kansu ranar da za ka sayar, don mutanenmu suna son mota mai ƙyalli. Sai ka yi cinikinsu da sunansu, ka cire taswira daga lissafi gaba ɗaya. In kuwa darajarsu ɗaya, bambancin taswira ce kawai, to kuɗin iska ake nema a hannunka. A namu ganin ma, ga motar da za ta riƙa bin hanyar jar ƙasa da buhuna a baya, rufi mai buɗewa da ƙofa mai ɗaga kanta ƙarin abin lalacewa ne. Ƙura tana toshe magudanar rufin, damina ta zo ruwa ya zuba a kan kujera.

Yanzu ga kuɗin. A farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa litar esansi a watan Yulin 2024, jika ɗari huɗu, wato sefa 400,000, lita 800 ce. Mota irin wannan, in ta sha lita goma a kilomita ɗari, man zai kai ta kilomita 8,000. Maradi zuwa Yamai kusan kilomita 660 ne, wato zuwa da dawowa sau shida ke nan. Abin da kuɗin zai zama in an zuba shi a aya lokacin kaka aka riƙe zuwa bazara kuwa, kai za ka koya mana, ba mu za mu koya maka ba.

Aikin taswira salula za ta yi maka shi, kuma ta fi. A Google Maps ana iya sauke yanki a ajiye a waya, ya yi aiki ko babu rezo. Ka yi haka a gida inda intanet ke da ƙarfi. Akwatin da ake zaɓa ba ya ɗauke tafiyarka duka, sai ka yi uku ko huɗu: ɗaya daga Maradi zuwa Dakoro da Mayahi, ɗaya ta Agye da Tasawa har Damagaram, ɗaya ta Ɗan Isa, Jibiya, Katsina zuwa Kano, sai na hanyar Yamai. Suna tsufa, lokaci-lokaci wayar za ta nemi a sabunta su, kada a ƙyale. Sannan ka ƙara manhaja ta biyu, OsmAnd ko Organic Maps. Waɗannan suna sauke Nijar gaba ɗaya, kuma taswirarsu ta OpenStreetMap ce, wadda masu sa kai ke zanawa tun 2004, shi ya sa wani ƙauyen da ya ɓace a ɗaya sai ka same shi a ɗayar. Inda babu rezo wayar takan ɗan jima kafin ta gano inda take, minti ɗaya ko fiye. Ba lalacewa ta yi ba, a fito da ita fili a jira.

Amma ga ɗan kasuwa irinka, amfanin da ya fi girma ba a nemo suna yake ba. Ai hanyar Tasawa ba ta ɓace wa kowa, titi ɗaya ne. Inda ake ɓata rana shi ne bayan an sauka daga kwalta: gidan manomin da ya tara buhu arba'in, siton da ke bayan gari, mararrabar da ayari uku suka rabu cikin yashi babu allo babu alama. Waɗannan wuraren ba su da adireshi, kuma babu kamfanin da ya zana su. Kai za ka zana abinka. Ranar da ka isa wurin, ka ɗora yatsa a kan taswira ka riƙe har alama ta fito, ka sa mata suna, "siton Malam na Mayahi" misali, ka ajiye. Gobe in yaronka zai je, ka tura masa ta WhatsApp. OsmAnd kuma tana iya ɗaukar sawun tafiya: ka kunna ta ranar da kuke tare da ɗan gari wanda ya san hanya, ta ja layi a duk inda kuka bi, har da kwanar da kuka yi don kauce wa rairayi. Wata rana layin kawai za a bi. A kaka ɗaya za ka tara taswirar kasuwancinka, wadda in ka sayar da motar ba ta tafi da ita ba.

Maƙiyin salula a mota zafi ne. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran ma ba su yi nisa da haka ba, alhali gaban gilashi da tsakar rana ya wuce nan nesa. Wayar da ke caji, allonta a kunne, rana na dukanta, za ta dushe ta daina caji, batirinta ya kumbura da wuri. Saboda haka a sayi mariƙin da ake maƙalawa a bakin iskar sanyi, ba mai mannewa a gilashi ba, da caja mai kyau wadda ba ta gaza amfiya biyu ba. In da hali a ware tsohuwar waya ta zauna a motar don wannan aikin, kada kira ya shigo taswira ta ɓace a daidai mararraba.

Abu biyu ne babu taswirar da ta sani, ta mota ko ta waya. Ba ta san gulbi ya kawo ba, ko ƙorama ta cinye hanya a watan Agusta. Kuma ba ta san inda 'yan bindiga ke tare mutane ba. Ita gajeriyar hanya take nema, ko da ta dajin bakin iyaka ce a yankin Madarunfa ko Gidan Rumji. Ka kafa wa yaronka doka: in waya ta ce a bar babbar hanya, sai ya tambayi direbobin tasha tukuna, kuma ba a gwada sabuwar hanya bayan la'asar.

Wasu za su ce ka sayi mai arahar ka sa mata allon Android irin na Sin. Yana yiwuwa, manhajojin nan duka suna hawa kansa. Sai dai a nemi mai ƙwaƙwalwar aiki giga biyu zuwa sama, wanda ya zo da firam da soket na RAV4, don kada mai gyara ya yanke wayoyin mota ya ɗaure da salatif. Haɗin banza shi ke shanye batir cikin dare ya kashe maɓallan sitiyari. Eriyarsa kuma a ajiye ta inda ƙarfe bai rufe ta ba. Batun haɗa waya da allon mota ta CarPlay ko Android Auto bai shafi 'yar 2015 ba, sai daga 2019 RAV4 ta samu na farkon, 2020 na biyun. In wata rana ka tashi sayen irin waɗannan, wannan ya fi taswirar kamfani cancantar ƙari, amma ka gwada da wayarka a wurin, don ƙananan wayoyi masu Android Go ba sa haɗuwa.

Maganarka ta ƙarshe ita ta fi jan hankalinmu, cewa yaro ke fita da motar. GPS na allo direba yake nuna wa hanya, ba ya gaya wa mai mota komai. Abin da ke gaya maka inda motarka take wata 'yar na'urar bibiya ce daban, girmanta bai kai tafin hannu ba, ana ɓoye ta a bayan dashbod da layin waya a ciki. Tana kama wuri daga taurari ta turo maka ta rezo: inda motar take, gudun da take yi, inda ta tsaya da tsawon tsayuwar. Da wannan za ka gwada kilomita da kuɗin man da aka karɓa, ka kuma gane in ana lodin fasinja da motarka a hanyar dawowa. Kuɗinta da na sawa ɗan kaɗan ne daga cikin jika ɗari huɗun, sai cajin layi duk wata. Ka zaɓi layin kamfanin da ya fi kamawa a kasuwannin da kake ci, ka yi masa rajista da sunanka, kuma kada ka bari ya mutu don rashin kuɗi, wanda shi ne abin da ya fi kashe waɗannan na'urori. Ka nemi mai ajiye bayanai in rezo ya ɗauke ta turo daga baya, da mai ɗan batir a ciki da za ta yi ƙara in an cire na mota. Mai sawa ya zama wanda ka yarda da shi, ya ja wuta ta fis, kuma yaron ya san an sa, inda aka ɓoye ne kawai ba sai ya sani ba. Yawancinsu ana haɗa su da abin yanke mai daga nesa. In za a haɗa, a saita shi yadda ba zai yanke ba sai motar ta tsaya ko tana tafiya a hankali, domin injin da ya mutu ana gudun ɗari yana tafiya da ƙarfin burki, a kan titin da manyan motoci ke bi dare da rana.