Man kariyar rana ga ɗana zabiya: wanne zan saya?

Tambaya: Likita, ɗana zabiya ne, shekararsa 6. A kasuwar Dole na ga man kariyar rana iri-iri, an kuma ce mini Amurka ba ta yarda da wasu sinadaransa ba. Yaya zan yi? Wata uwa, Birni, Damagaram.

Amsa: Hajiya, Allah ya raya shi. Amurka tana ɗaukar man nan a matsayin magani, Turai kuwa kayan kwalliya, shi ya sa sinadarai irin su Tinosorb suka daɗe a kasuwar Faransa alhali Amurka tana jan ƙafa. Likitocin fata sun yi ta matsa lamba, har aka yi doka a 2014 don a gaggauta bincike. A 2019 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta ce zinc oxide da titanium dioxide ba su da matsala, ta nemi ƙarin bayani kan wasu 12. Neman bayani ne, ba hani ba.

Ki je farmasi, ki bar na tebur: wanda ya wuni cikin zafin Afrilu yakan tsinke, ruwa daban mai daban, kariyarsa ta ragu. Ki nemi wanda aka rubuta wa SPF 50+ (lambar ƙarfin kariyarsa) mai alamar UVA (wani nau'in hasken rana mai cutar da fata) cikin da'ira, ki duba ranar ƙarewar aiki. Ki shafa da kauri minti 20 kafin ya fita, har bayan kunne, ƙeya, leɓe da bayan hannu, ki sake bayan awa 2 ko in ya yi gumi. Malafa da riga mai dogon hannu dole ne.

A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man nan cikin jerin muhimman magunguna, don haka iyayen zabaya suna da hujjar neman a samar da shi a asibitocin gwamnati.